Babu Mai Wannan Suna a Nan

Ranar da aka binne mijina Abílio, muna dawowa daga maƙabarta na ja katakon tagarmu na rufe, na zura sakata. Haka ake yi a ƙauyenmu can kan duwatsu. Idan maigida ya rasu, taga ba ta buɗuwa sai shekara ta zagayo. Haka uwata ta yi wa ubana. Ban ma yi shawara da zuciyata ba, hannuna ne kawai ya yi abin da ya sani.

Gidanmu ɗaki biyu ne da ɗan madafi, shi ne na shida a lungunmu da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Campanhã, a Porto. Ƙofa ɗaya ce daga titi, sai siririyar hanya, gidaje a jere ta hannun dama, igiyoyin shanya a sama, bahon siminti na wanki a ƙarshe. Nan Abílio ya kawo ni ina amarya, nan kuma ya cika. Allah bai ba mu haihuwa ba. Duk abin da ya rage mini nasa yana cikin ɗakunan nan biyu: hularsa a jikin ƙusa, da kujerar da ta lotsa daidai zamansa.

Gida na farko, daf da ƙofar titi, na Cremilde ne. Ta yi shekaru tana tallan kifi, kuma har yau muryarta ba ta san an daina ba. Wuni take yi a bakin ƙofa kan 'yar kujera tana feraye dankali. Ko kyanwa ba ta shiga lungun ba da saninta ba.

Bayan rasuwar na sa baƙaƙen kaya, na kashe rediyo. Wutar lantarki ma na daina kunnawa, kyandir ɗaya a gaban hotonsa ya ishe ni. Girki kuwa, wa zan yi wa? Cremilde ce take turo ƙofa da gwiwa, kwanon romon kabeji a hannu, ta tsaya a kaina sai na shanye. Fitata ɗaya ce, da sassafe zuwa maƙabarta, in dawo kafin gari ya cika. Da yamma in rataye jakar burodi a mariƙin ƙofa kamar kowa, gari na wayewa Fausto mai burodi ya saka mini.

Shekara ta zagayo, aka yi masa addu'a a coci. Na dawo na tsaya gaban tagar, na ɗora hannu kan sakatar, na kasa. Abílio ne yake buɗe ta kullum da safe, ya leƙa ya tsokani duk wanda ya fara gani. Na ce gobe. Goben nan ta ja ni wasu watanni.

Ana cikin haka tsohon mai lungun ya rasu, 'ya'yansa suka sayar wa wani kamfani. Mun san abin da kamfanoni suke yi da lungu irin namu, mun gani a gangaren titi. A fitar da mutane, a shafa farin fenti, a zuba baƙi 'yan yawon buɗe ido masu jan akwati. Amma ni hankalina kwance yake. Hayarmu tsohuwa ce, banki na cire kuɗin daga fanshona kowane wata, ba a bi na ko sisi.

Sai wata safiya na dawo daga maƙabarta, tun Cremilde ba ta fito bakin ƙofa ba, na tarar da takardar kotu manne a ƙofata. Aji uku na yi a makaranta, don haka da yatsa na bi ta layi-layi. Abin da na gane shi ne, kamfanin ya ce na bar gidan fiye da shekara babu kowa a ciki, yana roƙon alƙali ya karɓe ya ba shi. Ina tsaye a tsakiyar ɗakin nake karanta cewa ba na cikinsa.

Ban gaya wa kowa ba, har Cremilde. Kotu ta masu kuɗi ce, haka na taso na ji. Na je kanti na roƙi kwalaye, na ce tsofaffin kaya zan tattara. Inda zan kai su ban sani ba. Gidan ubana a ƙauye rufinsa ya daɗe da ruftawa, kuma daga can wa zai riƙa kawo ni wurin Abílio?

Washegari Alzira, mai sayar da furanni a ƙofar maƙabarta, ta dube ni ta ce, "Yau kam na cikin kaburburan ma sun fi ki annuri. Lafiya?"

Na zaro takardar na miƙa mata. Ta goge hannu a jikin siket ta karanta.

"To ai sai ki nemi lauya."

"Da me? Da hular Abílio?"

"Ke baiwar Allah, a wace duniya kike? Wanda ba shi da hali, gwamnati ce take biya masa. Kyauta."

"Abin kyauta a garin nan mura ce kawai."

"Ƙanwata aka yi wa, da idona na gani. Ki je ofishin da ake ba ku fansho, ki ce lauya kike nema. Shaidar da za su ba ki, ki kai ta kotu a ranar, don a tsayar da wa'adin da aka ɗiba miki. Yau za ki je, ba gobe ba. Furen ma ba zan sayar miki ba sai kin dawo."

Don furen na je, ba don na yarda ba.

Bayan 'yan makonni wayata ta yi ƙara. Wata mace ta ce sunanta Ivone Meireles, ita aka ba wa shari'ata. Ofishinta ɗan ɗaki ne a saman shagon mai gyaran takalma. Na tafi mata da cuku guda da kwalbar man zaitun, don uwata ta ce ba a zuwa gaban manya hannu rabbana. Na same ta da takalmin roba a ƙafa, tana fama da mura, takardu har kan kujerar baƙi. Za ta yi shekara arba'in da wani abu.

Ta kalli cukun ta yi murmushi, ta kira ni Dona, kamar yadda ake girmama manyan mata a nan. "Dona Ermelinda, an riga an biya ni. Ba da yawa ba, amma an biya. Mayar da abinki jaka, ki zauna ki ba ni labari tun daga farko."

Na ba ta. Ba ta katse ni ba, ko da na yi nisa na shiga labarin ciwon Abílio. Da na gama ta yi mini bayani da irin maganar da nake ganewa. Doka ta hana a kori tsohuwa irina daga tsohuwar haya haka kawai. Amma idan ɗan haya ya bar gida fiye da shekara ba ya zaune a ciki, mai gida yana da ikon karɓa. Ta wannan ƙofar suke so su shigo.

"Suna da hotunan tagarki a rufe, rani da damina. Sun ce mitar wuta da ta ruwa kusan a tsaye suke. Waɗannan ba su dame ni sosai ba. Wanda ya dame ni shi ne, mutuminsu ya ce ya zo lungun ba sau ɗaya ba, maƙwabta suka tabbatar masa kin koma ƙauye."

"Ƙarya yake!" na ce. "A lungunmu ba mai cin amanar wani."

"To. Zan zo in ga gidan da idona."

Ranar da ta zo, daga kotu ta biyo. Ina zaune a ɗaki sai na jiyo muryar Cremilde tun daga bakin titi.

"Wa kike nema?"

"Sannu da hutawa. Dona Ermelinda Fontes nake nema."

"Babu mai wannan suna a nan."

"An ce mini gida na shida."

"Oho, waccan? Ta tafi ƙauye tun bara, ba ta dawowa. Kama gabanki, 'yar nan, kina tare mini rana."

Ban san lokacin da na fito ba, ƙafa ɗaya da silifa ɗaya babu. Ga lauyata tsaye cikin baƙar kwat da takalmi mai ƙyalli, jaka a hammata. Ga Cremilde ta tare ƙofa da wuƙar dankali a hannu. Tana ganina ta hau ƙifta mini ido tana kora ni da hannu.

"Koma ciki, shashasha! Wa ya ce ki fito?"

"Cremilde, lauyata ce."

"Lauyarki? Ke da wa kuke shari'a?"

Lauya Ivone ta sauke jakarta ƙasa a hankali. "Dona Cremilde, akwai wani mutum da ya riƙa zuwa nan yana ɗaukar hoto. Shi ma haka kika gaya masa?"

"Mai jajayen kunnuwan nan? To me zan ce masa? Mutum ya zo da takalmi kamar madubi yana tambayar matar da mijinta bai daɗe da kwanciya ba, sai in ce bismillah, ga ƙofa? Duk zuwansa haka na ce. Har na ƙara masa da cewa mota ta zo ta kwashe kaya."

Sai a lokacin na gaya mata zancen takardar da kwalayen. Wuƙar ta faɗi daga hannunta. Ta zauna daɓas a kan kujera, ta ja gyalenta ta rufe fuska.

"Wayyo ni Cremilde! Da bakina na kore ki!"

Ban iya jin haushinta ba. A lungunmu haka muka gada. Tun zamanin da 'yan sanda suke bin ma'aikatan tashar ruwa masu yajin aiki, da zamanin da ake kwasar samari zuwa yaƙi, duk baƙon da ya shigo da takarda amsarsa ɗaya ce: babu mai wannan suna a nan. Surukata ce ta koya mini a makona na farko, tun kafin ta nuna mini inda ake zubar da shara. Ba mu taɓa tunanin wata rana maganar za ta juyo ta sare mu ba.

Lauyar ta shiga gidana. Ta ɗan tsaya sai da idonta ya saba da duhun. Ta ga kyandir, ta ga hular, ta ga kwalaye uku da na cika. Ta taɓa tukunyar shayi ta ji ta da ɗumi. A kan tebur akwai burodi guda ɗaya ya bushe.

"Na jiya ne?"

"Na Abílio ne. Biyu Fausto yake kawowa. Ban iya ce masa ya rage ba."

Ta fyace hanci, ta rubuta sunan Fausto. Cukun da ta ƙi karɓa a ofis, ranar ta ci shi a teburina, da romon Cremilde.

Da aka zo maganar shaida Cremilde ta tubure.

"Ni? Gaban alƙali? In ce masa na yi ƙarya, ya sa a ɗaure ni da tsufana? A'a, ku nemi wata."

"Ƙarya a bakin ƙofarki ba ta kai ki gidan yari," in ji lauyar. "Ƙarya a gaban alƙali ce take kaiwa. Gaskiya kawai za ki faɗa. Idan ba ki zo ba, maganarki ta farko ce za ta tsaya, kuma ita ce za ta fitar da ƙawarki."

Cremilde ta tashi ta shige gida ta bugo ƙofa. Kwana biyu romo yana zuwa ba magana. A na uku ta ajiye kwanon ta tsaya tana kallon bango.

"Rigar da na sa bikin jikata, kina ganin ta yi wa kotu, ko ta cika ja?"

Ranar shari'a, muna zaune a baranda muna jira, lauyan kamfanin ya zo ya durƙusa kusa da ni. Yaro ne mai ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce don me zan wahalar da kaina, kamfani zai ba ni wani abu in kama wuri mai kyau, in sa hannu kawai a wuce wurin. Ya miƙo biro. Ni kuwa duk rayuwata idan mai kwat ya miƙo mini biro, karɓa nake yi. Hannuna har ya ɗaga.

Lauya Ivone ta dafa mini gwiwa. "Abokin aiki, da ni za ka yi magana." Sannan ta juyo gare ni. "Dona Ermelinda, idan kina so ki tashi, zan zauna da su in ga an ba ki abin kirki. Idan ba ki so, ba dole. Me kike so?"

Rabon da wani ya yi mini wannan tambayar tun Abílio yana da rai.

"Gidana nake so."

"Ka ji," ta ce masa.

Alƙalin dattijo ne mai furfura, tabarau a ƙarshen hanci. Mai jajayen kunnuwan ya fara ba da shaida, kuma bai ƙara ko kalma ba, abin da aka gaya masa ya faɗa. Fausto ya zo da garin fulawa a gashin hannunsa, ya ce kullum yana tarar da jaka a ƙofa ta shida, kuma jaka ba ta rataye kanta. Sannan aka kira Cremilde cikin jar rigarta.

Lauyar ta tambaye ta ko ta san mutumin can.

"Na san shi. Sannu, ɗan nan. Ka yi haƙuri, ƙarya na yi maka."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Alƙali ya dube ta ta saman tabarau. "Me ya sa kika yi masa ƙarya?"

"Ranka ya daɗe, ai bai ce ga abin da ya kawo shi ba. A lungunmu ba mu taɓa ganin alheri ya shigo da jaka a hammata ba. Matar nan tana zaune cikin duhu tana kuka, ni nake ɗura mata abinci kamar jaririya. Ko kai da kanka ka zo da irin wannan takalmin, haka zan ce maka."

Lauyan kamfanin ya miƙe. "Tunda kin yarda kin iya ƙarya, ta yaya za mu san yau gaskiya kike faɗa?"

"Ɗan nan, ran nan a bakin ƙofata nake, yau na yi rantsuwa. Kuma ka dube ni da kyau. Mace mai shekaruna za ta sa jar riga ta hau mota biyu don ta zo ta kira kanta maƙaryaciya a gaban jama'a, in ba dole ba?"

Daga ƙarshe aka zo kaina. Lauyar ta riga ta gaya mini duk abin da za a tambaya, kuma ta ce idan ban gane ba in ce ban gane ba. Aka tambaye ni wuta, na ce kyandir. Aka tambaye ni ruwa, na ce a bahon lungu nake wanki, kuma mutum ɗaya da ba ya girki ruwan me zai sha. Sai alƙali ya ɗaga hoton tagar.

"Wannan fa?"

"Makoki ne, ranka ya daɗe. A ƙauyenmu shekara ake yi."

"Amma ai shekarar ta wuce."

"Ta wuce. Shi ne yake buɗewa."

Ya ɗan daɗe yana kallon hoton, sannan ya kife shi a kan tebur. Ya ce za a sanar da hukunci.

Jiran nan ya fi komai wuya. Ban kwance kwalayen ba, ban kuma ƙara cika wani ba. Kullum in na je wurin Abílio sai in ce masa har yanzu shiru.

Wata Talata da hantsi na jiyo Cremilde tana kwarara ihu kamar kifi ya sauko da araha.

"Tana nan! Gida na shida! Kullum tana nan, ba ta zuwa ko'ina! Ermelinda, fito ga lauyarki!"

Lauya Ivone ta taho tana dariya, da takalmin robarta wannan karon. Ba ta jira ta shigo ba, daga tsakiyar lungu ta ce, "Alƙali ya kori ƙararsu. Gidanki ne, ki zauna."

Na nemi bango na jingina. Ban yi kuka ba a lokacin. Wani dogon numfashi ne ya fito mini, wanda nake jin tun ranar takardar yake maƙale a ƙirjina. Na ce mata ko za su sake dawowa. Ta ce suna iya ɗaukaka ƙara, amma da wuya, kuma in sun yi tana nan, lambarta ba ta canza ba.

Sannan ta ce, "Abu ɗaya zan roƙe ki, ba a matsayin lauya ba." Ta nuna tagar da haɓa.

Muka shiga mu uku. Na kama sakatar na ja, ta ƙi motsi, tsatsa ta cinye ta. Cremilde ta ture ni ta gwada tana zagin maƙerin da ya yi ta. A ƙarshe lauyar ce ta ɗauko muciya ta riƙa bugun ta ta gefe har ta saki. Amma ba ta tura katakon ba. Ta ja da baya ta bar mini.

Na tura. Haske ya shigo har kan kujerar Abílio. Sai ga ƙura a ko'ina, ga yanar gizo-gizo daga hularsa zuwa bango, ga hotonsa ya yi baƙi da hayaƙin kyandir.

"Kai, Ermelinda!" in ji Cremilde. "A wannan ƙazantar kike zaune? Da alƙali ya ga nan, da ya ba su gaskiya."

A nan kukan ya zo, da dariyar tare, har na rasa wanne nake yi. Na leƙa ta tagar kamar yadda yake yi. Ba kowa a lungun sai kyanwar gida na huɗu, ita na yi wa sannu.

Da yamma na mayar wa mai kanti kwalayensa. Washegari na sayi fure mai tsada wurin Alzira, ta ce yanzu na yarda akwai abin kyauta ban da mura? Na ce na yarda, amma murar ma lauyar ta shafa mini. Na je na goge kabarin Abílio na gaya masa ba inda za ni.

Har yau burodi biyu Fausto yake kawowa. Sai dai yanzu na biyun ba ya bushewa. Cremilde ce take zuwa ta miƙo hannu ta taga ta ɗauka, tana cewa ladan shaidarta ne. Baƙo kuwa idan ya shigo da jaka a hammata, ta daina cewa babu mai wannan suna. Zaunar da shi take yi a kan 'yar kujerarta, ta ba shi wuƙa da dankali, ta ce ya jira sai an kira lauya.